Tambaya da Amsa: Wane Irin Kare Ne Ya Dace da Gonata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan kaji da ɗan lambu a bayan garin Sakkwato, kuma ɓarayi sun fara addabata da dare. Masu sayar da karnuka sun nuna mini Alsatian da Rottweiler da wani ƙato mai tarin gashi da suke kira Caucasian, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne ya fi. Me ya sa jama'a suke zaɓen waɗannan, kuma wanne ya kamata in saya? Daga wani manomi a Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya tsare dukiya. Kowane ɗaya daga cikin karnukan nan akwai aikin da aka raini kakanninsa domin shi, akwai kuma yanayin ƙasar da jikinsa ya saba da shi, saboda haka waɗannan abubuwa biyu ne za ka duba kafin ka dubi girman jiki.

Wanda ake kira Alsatian, ko karen 'yan sanda, shi ne German Shepherd. Wani tsohon hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma asalinsa karen kiwon tumaki ne. Abin da ya sa 'yan sanda da sojoji da masu gidaje suke son sa shi ne saurin ɗaukar horo da biyayya ga mai shi. Namijin yakan kai kilo 30 zuwa 40. Aibinsa shi ne ciwon kwatangwalo da ake gado, don haka kada ka sayi kwikwiyo sai ka ga uwarsa tana tafiya, ka lura ko ƙafafunta na baya suna tangaɗi. Rottweiler ya samo sunansa daga garin Rottweil na Jamus, inda mahauta suke kora shanu da shi, yana kuma jan amalanken nama. Ya fi Alsatian nauyi da ƙarfi, ba shi da yawan haushi, amma yana bukatar mai hannu da zai hore shi tun yana ƙarami, in ba haka ba wata rana yaron da ke ba kaji ruwa zai fara kamawa.

Shi kuwa Caucasian, ban ba ka shawarar sa ba ko kaɗan. An raine shi ne a duwatsun Kokasus, tsakanin Turai da Asiya, domin ya kare garke daga kyarketai cikin dusar ƙanƙara, kuma gashin nan da yake burge mutane shi ne zai zame masa azaba a bazarar Sakkwato, inda zafi yake haura digiri 40. Za ka gan shi kwance a gindin randa da rana tsaka, harshe a waje, yana haki, kaska kuma ta sami mafaka a cikin gashin. A Jos ko Mambila yana iya rayuwa cikin sauƙi. A ganina da yawa daga masu sayen sa a garuruwanmu don a gani a faɗa suke yi, sai daga baya kuɗin abinci da na likitan dabbobi su sa su yi nadama.

Akwai wanda masu talla ba su nuna maka ba, wato karen gida irin wanda mafarauta da makiyaya suke tafiya da shi. Gashinsa gajere ne, ya saba da zafi da ƙura, cinsa kaɗan ne, kuma motsi kaɗan zai ji cikin dare ya tashe ka, wanda shi ne ainihin abin da gidan kaji yake bukata. Da ɗan gari akan ci gari. Kada kuma a raina shi don na gida ne, domin siririn karen Buzaye da ake kira Azawakh, wanda asalinsa kwarin Azawak ne tsakanin Nijar da Mali, an kai shi Turai tun shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin jinsunan da take yi wa rajista a 2019. Shawarata ita ce ka haɗa karnukan gida biyu da Alsatian ɗaya idan da hali, ka raine su kusa da kajin tun suna 'yan kwikwiyo domin kada su ɗauke su abin farauta.

TAMBAYA: Na ji an ce a Amurka wani ɗan guntun kare mai murtukakkiyar fuska ne aka fi so yanzu. Mene ne amfaninsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, wannan shi ne French Bulldog. Shekara 31 wani irin kare da ake kira Labrador ya yi yana kan gaba a rajistar karnuka ta Amurka, saboda sanyin halinsa da yara da kuma aikin yi wa makafi jagora, har sai da French Bulldog ya ture shi a 2022. Mazauna birane masu ƙananan ɗakuna a benaye ne suka ɗaukaka shi, domin ba ya cin wuri, ba ya damun maƙwabta da haushi, ba ya kuma bukatar doguwar zagaya. Abokin zama ne kawai, ba ya gadi. Gajeren hancinsa yana wahalar da numfashinsa, har zafi kaɗan kan iya halaka shi, don haka ba karen ƙasarmu ba ne.

TAMBAYA: Shin karen gida ma sai an yi masa allura? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malam. Ciwon haukan kare ba ya bambanta na gida da na Turawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da suke kamuwa da shi ta hanyar kare suke samu. Ana fara allurar rigakafi idan kwikwiyo ya kai wata 3, sannan a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. A Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan rigakafi. Idan kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira.