Tambaya da Amsa: Injina Yana Shaƙewa Idan Juyi Ya Yi Sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa an canza wa motata kamshaf da wanda ya fi tsini domin ƙarin ƙarfi. Tana tafiya lafiya, amma da zarar allurar juyi ta haura 6,000 sai ƙarfin ya yanke, injin ya kama tari da ƙarar ƙarafa. An canza fulogi, ba ta sauya zani ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, alamomin da ka zayyana sun fi kama da abin da ake kira shawagin bawul, kuma ina roƙonka ka daina kai injin wannan juyin har sai an duba shi.

Kamshaf, wato sandar ƙarfe mai tsinaye da ke juyawa a cikin injin, shi ke tura bawul (murfin ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita daga silinda) ya buɗe, amma sifirin ne kaɗai ke dawo da shi mazauninsa. Kamshaf yana juyi ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, saboda haka a juyi 6,000 cikin minti kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, idan juyi ya ninka biyu, ƙarfin da sifirin ke buƙata don sarrafa bawul yana ninkuwa huɗu. Idan sifirin ya gaza, sai bawul ya daina bin bayan kamshaf, ya makara wajen rufewa ko ya yi tsalle a mazauninsa, matsin silinda ya zube. A injinan da fistan da bawul ke ratsa wuri ɗaya, makarar nan tana sa fistan ya doki bawul ya lanƙwashe shi.

Ina kyautata zaton an sa maka sabon kamshaf a kan tsofaffin sifirin, waɗanda zafi da daɗewa suka riga suka sanyaya wa gwiwa. A cire su a auna ƙarfinsu da na'ura, a sa waɗanda maƙerin kamshaf ɗin ya tanada, sannan a gwada matsin kowace silinda don a ga ko wani bawul ya riga ya lanƙwashe. Kada a wuce gona da iri, domin sifirin mai tsananin tauri yana cinye tsinin kamshaf. Rage nauyi, kamar sa marikin sifirin na taitaniyam, ya fi amfani a nan. Wannan matsala ta shawagin bawul ce ta sa kamfanin motoci na Renault ya koma amfani da matsin iska maimakon sifirin a injinan tseren Formula 1 a 1986.

Ka kuma kula da sauko da giya a guje, domin na'urar da ke iyakance juyi ba ta iya hana tayoyi jan injin ya wuce ƙa'ida.