Tambayi Likita: Na bar sukari na koma zuma, me ya hana sugana sauka?

Tambaya: Likita, idan na daɗe ina tauna gurasa sai in ji ta yi zaƙi. Lafiya kuwa?

Amsa: Lafiya lau. A cikin yawunka akwai sinadarin amilas, shi ke fara tsinka sitaci ya zama sukari tun a baki.

Tambaya: Madara tana sa ni kumburin ciki da zawo, amma kindirmo ba ya yi mini komai.

Amsa: Hanjinki ne ba ya samar da isasshen laktas, sinadarin da ke raba sukarin madara gida biyu. A kindirmo kuwa, ƙwayoyin da suka sa shi tsami sun riga sun cinye wani kaso. Ki sha kindirmonki. In kin ga jini a bayan gida ko kina ramewa, ki je asibiti.

Tambaya: Ina da ciwon suga. Na bar sukari na koma zuma, tuwo da shinkafa kawai nake ci. An ce mini ruwan darbejiya yana ƙone suga, sai na ajiye allurar insulin.

Amsa: Haba Malam! Yau ɗin nan ka je asibiti, kada ka jira gobe.

Sitacin da ke cikin tuwo da shinkafa gulukos ne, wato irin sukarin da ke yawo a jini, aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Hanji yana tsinka ƙullin nan da taimakon ruwa, gulukos ya warwatse ya shiga jini. Ka ga ko ba ka taɓa cokalin sukari ba, malmala uku za su ɗaga maka suga. Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, jiki bai san daga amya ta fito ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar. Ɗaci ba ya ƙone komai a jini, ban san inda masu tallar magani a kasuwa suka samo wannan ba. Insulin ce ke shigar da gulukos cikin tsoka, ta sa hanta ta ƙulle rarar ta adana. In babu ita, jiki sai ya faɗa wa kitse yana farfasawa, wani guba mai suna kiton ya taru, jini ya yi tsami. Wannan yana sumar da mutum, yana kisa.

Amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, numfashi da sauri ko magagi: ko cikin dare ne a kai ka asibiti. Tuwo ba haramun ba ne, rage shi za ka yi, ka yawaita wake da ganye. Ka tafi da allurar da ta rage, likitanka ya auna jininka ya faɗa maka adadin da za ka ci gaba da shi.