Ki gaya mata, amma ki fara da kanki

'Yar'uwa, kin ce likita ya tabbatar 'yarki mai shekara 9 tana da otizim (yanayin da ƙwaƙwalwa ke aiki daban wajen mu'amala da mutane da jin abubuwa), ke ma kina da shi, kina tunanin ko ki bari sai ta girma kafin ta sani. Ni na gaya wa nawa yana shekara 8, kuma har yau ina ganin na makara.

Yaro ya riga ya san ya fita daban. A Islamiyya da an ɗaga murya ana hadda sai ya toshe kunnuwa, yara suna ce masa mai aljanu. Ran nan yana jera murafun kwalba a tsakar gida, ja da ja, kore da kore, ko kallona bai yi ba ya ce, "Umma, ni mahaukaci ne?" Shirun da na ɗauka kariya ce, ashe barinsa na yi ya raɗa wa kansa suna.

Ban zaunar da shi kamar za a faɗa masa rasuwa ba. Muna tsintar wake na ce, "Ka san abin da ke kai ni ƙuryar ɗaki in maƙwabta sun tada janareta? Ƙwaƙwalwata tana jin ƙara fiye da ta mutane. Taka ma haka. Abin yana da suna, otizim." Kalmar galahanga da ake yawan faɗa kuwa ban taɓa yarda ta shigo gidana ba.

Ni sai da aka gano nasa aka gano nawa, ina shekara 36. Rashin haɗa ido da nake yi tun ina ƙarama kunya aka ɗauka, har yabona ake. Mata da yawa haka muke ɓuya. Ki nuna mata cewa abin yana bin jini, ba sammu ba ne, ba allurar rigakafi ba ce, ba laifinta ba ne.

Inda na yi kuskure: na zaci nasa irin nawa ne sak. Ni ban son a taɓa ni, shi kuwa sai an matse shi a jiki yake samun natsuwa. Ki tambaye ta, kar ki amsa mata. Wanda za a gaya wa a dangi ma ki yi shawara da ita.

Kar ki sa ran za ta ce wani abu nan take. Nawa "to" kawai ya ce, ya ci gaba da waken. Sai bayan kwana uku, ina shafa masa mai, ya ce, "Baba ma yana da shi, ko mu biyu ne?"