Amsa kan gasar All England: kada ka jira sai ranar Lahadi

Salamu alaikum. Malam, ka ce yaronka ya fara buga badminton a makaranta, ya ishe ka da zancen gasar All England da za a yi a watan Maris, kana tambaya ko ta kai a ƙona mata data, su wa za ku sa wa ido, kuma ƙarfe nawa ake bugawa a agogonmu na Kano. Na ga 'yan'uwa sun ba ka amsa a taƙaice. Bari in ɗan tsawaita, don na daɗe ina riƙe raket, kuma gasar nan ba ta wuce ni.

Ta kai, har ta yi saura. Tun 1899 ake yin ta, kuma kafin a fara gasar cin kofin duniya ta badminton a 1977, wanda ya ci All England shi ake ɗauka zakaran duniya. A Birmingham ta Ingila ake buga ta tun 1994. Tana cikin gasanni huɗu na ajin Super 1000, wato ajin manyan gasannin shekara-shekara, tare da na Malesiya da Indonesiya da Sin. Rudy Hartono na Indonesiya ya ci ta sau takwas, Lin Dan na Sin sau shida, Lee Chong Wei na Malesiya sau huɗu. Tarihi ke nan, amma ba shi zai amfani yaronka ba.

Abin da zai amfane shi shi ne ku fara kallo tun ranar farko. Yawancin mutane jira suke sai wasan ƙarshe ranar Lahadi, alhali daɗin gasar yana zagayen farko da na biyu. 'Yan wasa 32 kacal ake ɗauka a kowane ɓangare, kamar na maza ko na mata, kuma duk manya ne, don haka babu wanda ake ba wa wasan ɗumama jiki. Wanda aka doke ya tattara kayansa, babu rukunin tara maki irin na kofin duniya na ƙwallon ƙafa. A 2025 Lee Chia-hao na Taiwan, wanda ba ya cikin waɗanda aka ware a matsayin gwanaye, ya ratsa har wasan ƙarshe kafin Shi Yuqi na Sin ya tsayar da shi. Wanda ya zo ranar Lahadi kawai bai ga yadda aka yi ya kai can ba. A 2024 kuwa 'yan Indonesiya biyu ne suka haɗu a ƙarshe, Jonatan Christie ya doke Anthony Ginting, bayan shekara 30 rabon ƙasarsu da kofin maza na ɗaiɗai a wannan gasa.

A ɓangaren maza ku nemi Shi Yuqi, da Kunlavut Vitidsarn na Tailan wanda ya ci kofin duniya a 2023 ya kuma samu azurfa a Olamfik ta Paris, da shi Christie ɗin. Amma in son samu ne, wasan An Se-young ta Koriya ta Kudu za ka zaunar da yaron ya kalla. Ta ci All England a 2023 da 2025, ta ci zinare a Paris a 2024. Ba ƙarfin duka ne makaminta ba. Duk inda aka jefa shatil, wato 'yar ƙwallon gashin da ake bugawa, sai ta kai, ta mayar, ta koma tsakiyar fili, har sai abokiyar karawarta ta gaji ta yi kuskure da kanta. Wasan ƙarshenta da Wang Zhiyi a 2025 ya haura awa ɗaya da rabi, an ci ta turmin farko, ta dawo ta kwashe biyun da suka rage. Yaranmu a nan kowa so yake ya yi tsalle ya sara shatil ƙasa a tafa masa. Ni kuwa abin da nake ce wa duk wanda ya biyo ni fili shi ne ya bar kallon hannu, ya kalli ƙafa: ɗan tsallen da ɗan wasa ke yi daidai lokacin da abokin karawa zai buga, da yadda yake miƙa ƙafar ɓangaren raket in zai ɗauko ta kusa da raga.

Lissafin ba wuya. Turmi uku ne, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Kowane turmi maki 21, kuma kowace musaya tana ba da maki, ko waye ya yi sabis, wato bugun fara musayar. In aka yi 20 da 20 sai an ba da ratar biyu, amma ba a wuce 30. Ana shan iska na minti ɗaya in wani ya kai 11, a turmi na uku kuma a nan ake musayar gefe.

Wannan musayar gefen ba al'ada ce kawai ba, kuma mu 'yan Kano ya kamata mu fi kowa ganewa. Duk wanda ya taɓa ɗaura raga a tsakar gida lokacin hunturu ya san abin da iska ke yi wa shatil, shi ya sa muke sammako mu buga kafin ta taso. Shatil ɗin gasa gashin tsuntsu 16 ne, nauyinsa wajen giram biyar, don haka ko iskar na'urar sanyaya ɗaki a babban zaure tana tura shi. Gefe ɗaya in ka ɗaga ta baya sai ta fita waje, ɗaya gefen kuma ta tsaya a gajarce a sare maka ita. Idan ka ga gwani ya ci turmin farko 21 da 10 sannan aka yi masa irin haka a na biyu, kada ka ce ya saki jiki. Sau da yawa iska ce. A turmi na uku ka lura wa zai ƙarasa a gefe mai daɗi.

Kada kuma ku tsallake wasan bibbiyu. Ni a ganina na maza bibbiyu ya fi komai sauri a wasan nan. Kim Won-ho da Seo Seung-jae na Koriya su suka ci a 2025, kafin su Fajar Alfian da Muhammad Rian Ardianto na Indonesiya suka ci sau biyu a jere. In suna kai hari ɗaya na gaba ɗaya na baya, in suna karewa sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, kuma ba wanda ke gaya wa wani.

Wani ya tambaya ko akwai namu 'yan Najeriya a gasar. Shiga irin wannan gasa da matsayinka a jadawalin duniya ake yi, makin kuma sai ka yi ta yawon gasanni a Asiya da Turai, abin da ke cin kuɗi ba kaɗan ba. Amma muna da Anuoluwapo Opeyori, wanda ya sha cin kofin Afirka ya kuma je Olamfik ta Tokyo da ta Paris, da Mariam Eniola Bolaji da ta ciyo tagulla a wasannin nakasassu na Paris a 2024. Ka gaya wa yaron sunayensu.

Batun lokaci, a farkon Maris agogonmu yana gaba da na Ingila da awa ɗaya, don haka duk lokacin da ka gani a jadawali ka ƙara awa guda. Wannan gata ne, domin gasannin Malesiya da Indonesiya tun muna barci ake fara su. Kada ka ɓata ƙafarka zuwa gidan kallo, ba mai sauya maka tasha ranar da ake Firimiya. Ka duba BWF TV, tashar hukumar badminton ta duniya, a YouTube, suna ɗora wasanni da taƙaitattun bidiyo. In data ta yi ƙaranci ka rage ingancin hoton, ko ka sauke wasa ɗaya da dare, ku kalle shi washegari kuna rage gudun bidiyon a inda musayar ta yi tsawo.

Sai dai ka shirya, bayan gasar zai ce raket ɗin kamfanin Yonex irin na 'yan wasan yake so. Ka fara saya masa takalmi mai kama ƙasa tukuna, don a filin siminti irin namu idon sawu da gwiwa ne ke fara kuka. Shatil ma na roba ya ishe shi yanzu, na gashi ba ya jure bushewar iskar Kano.