Shin sitiroyid na taimaka wa jini ya isa ƙwaƙwalwa idan cuta ta bi jini?

Tambaya: Likita, ni ɗalibar likitancin dabbobi ce. Na ji ana ba dabbar da ƙwayoyin cuta suka bi jininta sitiroyid, wato maganin rage kumburi, idan bugun jininta ya faɗi. Shin hakan na mayar da jini ƙwaƙwalwa?

Amsa: Malama, yana ɗaga ƙarfin bugun jini, wannan ba gardama. Idan cuta ta bi jini, jijiyoyi kan saki, su daina jin magungunan matse su irin noradirenalin. Haidirokotizon, wani nau'in sitiroyid, kan rage sinadarin da ke sakar da su, sai su dawo suna jin magani.

Amma tashin lamba a na'urar awon bugun jini daban, isar jini ƙwaƙwalwa daban. Ƙwaƙwalwar mutum kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana karɓar wajen kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, kuma ita ke daidaita rabonta da kanta. Wannan daidaitawar ce ciwon ke lalatawa. A 2010 masu bincike a Beljiyam sun leƙa saman ƙwaƙwalwar tumakin da cuta ta kama cikinsu, suka ga 'yan siraran jijiyoyi suna ta daina gudana, wasu na tafiya, na kusa da su sun tsaya cik. Kamar rijiya ce cike da ruwa, amma kwalbatin da ke kai shi gona ya toshe.

Gwajin dabbobi ma sai an yi hattara da shi. A shekarun 1970 zuwa 1980, sitiroyid mai yawa haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ceci gwaggon biri a gwaji a Amurka. Da aka gwada a kan mutane, manyan bincike biyu na 1987 ba su ga amfani ba. Ba mamaki: dabbar gwaji matashiya ce mai lafiya, kuma akan ba ta maganin kusan lokacin da aka sa mata cutar. Wacce za a kawo miki kuwa ta kwana biyu a kwance.

Shi ya sa yau ake ba mutum kaɗan, milligiram 200 na haidirokotizon a rana, kuma sai ƙarin ruwa da maganin matse jijiya sun kasa. Ki ja kunnen makiyaya masu tsira wa saniya deksa (shi ma sitiroyid ne) daga kanti: ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma yana iya sa mai tsohon ciki ta yi ɓari.