Amsar Yaya kan rigimar matar Walter White

(Muryar da Yaya ya turo guruf ɗin gida, an rubuta ta saboda masu ƙarancin data)

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryarka har ƙarshe, wadda kake cewa Skyler ce muguwar cikin Breaking Bad, wai bawan Allah ya jefa kansa cikin halaka don iyalinsa, ita kuwa ba ta da aiki sai haɗe rai da bincike. Na ga Anti ma ta tambaya wane fim ne muke ta hayaniya a kansa tun la'asar. To bari in haɗa ku in amsa. Amma wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan muryar, don zan fasa ƙwan gaba ɗaya.

Anti, shiri ne mai dogon zango na Amurka, tashar AMC ta fara nuna shi a 2008 aka kammala a 2013, zango 5, kashi 62. Wani Vince Gilligan ne ya ƙirƙiro shi. Kuma ba na kallo da yara ba ne, in faɗa tun yanzu. Labarin wani malamin kemistiri ne a sakandare, Walter White, yana zaune da matarsa Skyler da ɗansu a wata unguwa ta gefen birnin Albakarki, jihar Niyu Meksiko. Irin unguwannin nan nasu na ma'aikata masu rufin asiri, gidaje a jere kusan iri ɗaya, kowa da garejinsa, da ɗan wurin iyo ta baya. Ki gan shi daga waje ki ce ai waɗannan sun gama da duniya. Alhali gidan bashin banki ne ake biya duk wata, albashin mutumin dala 43,700 ne a shekara kamar yadda ya faɗa da bakinsa, in ya tashi daga makaranta sai ya wuce wurin wankin mota ya yi aiki na biyu, har ɗalibansa su same shi durƙushe yana goge taya su yi masa dariya. Ɗan nasu yana da lalurar da ta taɓa masa tafiya da magana, da sanduna yake takawa. Matar ga tsohon ciki na zuwa. Yana cika shekara 50 aka ce yana da kansar huhu. Shi ne ya haɗa kai da wani tsohon ɗalibinsa, Jesse, suka fara dafa ƙwayar nan metamfetamin suna sayarwa. Ga kuma mijin 'yar'uwar matarsa, Hank, jami'i ne a hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta can, DEA, kamar dai NDLEA a nan.

To ƙanena, har nan ina tare da kai. Duk magidancin da ya taɓa kwana yana lissafin kuɗin makaranta da na asibiti zai ji tausayin mutumin nan. Yana da inshorar lafiya ta wurin aiki, amma ƙwararren likitan da iyalinsa suka so ya gani ba ya cikin waɗanda inshorar ke biya wa, maganin kuma zai ci wajen dala 90,000. Ninki biyu na albashinsa na shekara kenan. Wannan gaskiya ne, ba wanda ya musa.

Amma ka koma zango na 1, kashi na 5. Can maganarka ta rushe, tun tafiya ba ta yi nisa ba. Walter yana da tsohon aboki, Elliott, tare suka kafa kamfanin Gray Matter suna samari. Shi Walter ya sayar da kasonsa a kan dala 5,000 ya fita, daga baya kamfanin ya haura dala biliyan 2. Skyler ce ta je ta gaya wa Elliott halin da ake ciki. Me Elliott ya yi? Ya yi masa tayin aiki mai inshora mai kyau, don kada ma ya ji kamar sadaka ce. Da ya ƙi, ya fito fili ya ce shi da matarsa Gretchen za su biya kuɗin maganin duka. Walter ya ƙi. Bai tsaya nan ba, ya dawo gida ya bar matarsa a kan cewa su Elliott ne ke biya, shi kuma yana biya da kuɗin ƙwaya. Ka gaya mini, mutumin da iyalinsa ne a gabansa, an buɗe masa ƙofar halal ya rufe da hannunsa ya bi ta taga, don wa ya yi? Girman kai rawanin tsiya, Hausawa suka ce. Abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa shi ne a ce wani ne ya rufa masa asiri.

Kuma ba sau ɗaya ba. Ɗansa, yaron kirki, ya buɗe shafi a intanet yana roƙon jama'a su taimaka wa babansa, yana yabonsa, yana cewa gwarzonsa ne. Uban da ya gani sai ransa ya ɓaci, wai bara ce. Ƙarshe ma shafin yaron aka mayar hanyar shigo da kuɗin haram, yaro yana ta murna yana ganin mutanen kirki ne ke turowa. Wallahi wannan wurin ya fi duk harbe-harben shirin ci mini rai.

Ka ce yana da lissafi, wai abin da zai bar wa yara kawai yake nema. E, ya yi lissafi a farkon zango na 2: kuɗin jami'ar yara biyu, ragowar bashin gida, cefane na wasu shekaru, ya tashi dala 737,000. Madalla. Ya samu ko bai samu ba? Ya samu ya wuce. Ya tsaya? A ƙarshe abin da ya binne a hamada ganga 7 ne, wajen dala miliyan 80. Akwai inda Skyler ta kai shi wani sito da ta kama haya, ta yaye zanen da ta rufe tarin kuɗin, ta ce ita kanta ta daina iya ƙirgawa, ta tambaye shi nawa ne zai ishe shi. Wannan ce matar da kake kira marar godiya.

Sannan ka tuna ranar da likita ya ce ƙarin ya ragu da kashi 80 cikin 100. Iyali suna kuka suna rungume juna. Shi kuwa ya shiga banɗaki ya dinga naushin akwatin takardar goge hannu har ya lotsa shi. Mutum a ce masa zai rayu ya fusata? Saboda hujjarsa ce ta mutu. Da ma ciwon ne lasisinsa. A walimar murnar samun sauƙin kuma ya dinga ɗura wa ɗansa matashi giya har yaron ya yi amai a wurin iyo, ba don komai ba sai don ya nuna wa Hank cewa ɗansa ne, gidansa ne. Ranar da aka haifi 'yarsa Holly ma ba ya asibiti, yana can yana kai kaya na dala miliyan 1.2.

Yanzu ka tsaya a inda Skyler take tsaye. Mu masu kallo muna tare da Walter a cikin motar nan da suke dafa ƙwaya, mun ga wahalarsa, mun ga wayonsa, shi ya sa muke so ya tsira. Ita ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ta gani shi ne miji mai ciwon ajali yana ɓacewa ba bayani, yana da waya ta biyu a ɓoye, an tsince shi tsirara a kanti ya ce wai mantuwa ce ta kama shi. Ga ciki, ga yaro mai lalura. In ƙanwarmu ce ta kira ka ta ce ga abin da mijinta ke yi, ce mata za ka yi ta yi shiru ta gode? Kai da na sani, kafin ta ajiye waya ka isa ƙofar gidan.

Anan ne ma zaman irin wannan unguwa ya shigo. Da a nan ne, kafin a je ko'ina an kira waliyyai, an kira kawu, an kira aminin miji an zauna. Ita duk danginta da muke gani a shirin 'yar'uwa ɗaya ce, Marie, mijin Marie kuma shi ne ɗan sandan da ke farautar mijinta bai sani ba. Wa za ta kai wa ƙara? Maƙwabta kuwa sai ɗaga hannu daga nesa. Kai, akwai ma inda Walter ya yi zargin an turo masu kashe shi suna cikin gidan, sai ya buga wa wata dattijuwa maƙwabciyarsa waya ya ce don Allah ta shiga ta duba masa ko an bar murhu a kunne, shi yana daga nesa yana leƙe ya ga ko za a fito. Amfanin maƙwabtaka kenan a wurinsa.

Ban ce Skyler waliyyiya ce ba, kada ka juya mini magana. Ta sha taba da ciki. Ta yi mu'amalar banza da maigidanta na wurin aiki, Ted, kuma da gangan ta gaya wa Walter don ya sake ta. Da ta gano gaskiya ta nemi a raba auren, amma ba ta kai shi ga hukuma ba, lauyarta ta ba ta shawara ta ƙi. Daga baya ma ita ta ƙirƙiro ƙaryar cewa caca yake yi yana ci, ita ta kawo shawarar sayen wurin wankin motar, aka saye shi dala 800,000 aka dinga wanke kuɗin ta nan, ta ɗebi sama da dala 600,000 ta ba Ted ya biya bashin haraji don kada bincike ya biyo ta kansu. Can gaba har cewa ta yi a kawar da Jesse. Duk ta yi. Amma dubi jerin yadda abin ya zo. Kowanne daga ciki bayan wutar ta kama ne, tana neman inda za ta fitar da yara. Ita ce ta shiga ruwa da kayanta a gaban baƙi kamar ta zautu, don kawai a sami dalilin kwashe yaran a kai su gidan Marie. Laifinta babba a wurina shi ne da ta yi shiru a farko, ba da ta yi magana ba. Kai kuma maganar ce ke ba ka haushi.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, kada ka ji komai. A Amurkar ma haka aka yi ta zaginta, har abin ya tsallake daga Skyler ya koma kan 'yar wasan kanta, Anna Gunn, sai da ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 kan ƙiyayyar da ake nuna mata. Ta kuma ci kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, sau 2 da wannan rawar. Masu kallo dai sai a hankali. Saboda wurin nan da Walter ya fusata ya wurga fiza kan rufin gida, mutane suka dinga zuwa ainihin gidan da aka ɗauki shirin, wanda wasu bayin Allah ke zaune a ciki, suna wurga musu fiza a rufi, har masu gidan suka gaji suka kewaye shi da shingen ƙarfe a 2017.

To mu je ga sakamako, tunda ka ce don iyali aka yi. Duk labarin nan shekara 2 ne, daga cikarsa 50 zuwa 52. A cikin shekara biyun nan an kashe Hank a hamada, Marie ta zama bazawara. Waɗanda suka kashe shi suka kwashe ganga 6 suka bar wa Walter ɗaya. Miji da mata suka yi kokawa da wuƙa a falo, ɗan ya shiga tsakani ya kare uwarsa, ya kira 'yan sanda da kansa ya ce a zo ga babansa. Hukuma ta ƙwace gidan, aka zagaye shi da waya, yaran unguwa suna wasa a busasshen wurin iyon. Skyler ta koma wani ɗan ƙaramin gida tana aikin amsa waya a kamfanin tasi, ta koma amfani da sunan gidansu. Ɗan ya ce ma ba ya son ko sisin uban. Kuma a kashi na ƙarshe Walter da bakinsa ya gaya mata cewa don kansa ya yi, yana jin daɗin abin, ya kuma iya shi. Mai abu ya amsa, kai kana nan kana ɗaukaka masa ƙara.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun shirin shi ne yadda ragowar kuɗin za su isa ga yaron. Dala miliyan 9 da 'yan kai suka rage masa. In ya ba su kai tsaye hukuma za ta ƙwace, ɗan ma ba zai karɓa ba. Sai ya je gidan wa? Gidan Elliott da Gretchen. Ya tsorata su, ya sa suka yi alkawarin za su ba yaron kuɗin idan ya cika shekara 18, a matsayin kyauta daga gare su. Wato dai yaron zai tashi yana ganin su Elliott ne suka taimake shi, abin da uban ya ƙi tun kashi na 5, sai da aka rasa rayuka aka dawo kansa. Kuma ko a nan sai da ya gindaya musu sharaɗi, ko haraji ne ko kuɗin lauya, daga cikin kuɗinsa za a cire, kada su kuskura su sa ko dala ɗaya tasu.

Ka sake kallon kashin nan na 5 da na gaya maka, ka lura da fuskarsa lokacin da Elliott ya ambaci inshora, sannan ka turo mini wata muryar. Anti, ke kuma in za ki gwada, ki bari sai yara sun yi barci. Sai da safenku.