Tambaya da Amsa: Injin zarto da notin salansa mai kwancewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar sassabe rassa da datsa itacen girki. Injin zartona ɗan Sin ne, mai lamba 5800. Sau uku ke nan notin salansa yana kwancewa, na ƙarshen ma cikin rairayi ya faɗa, ban ƙara ganinsa ba. Wasu abokan aiki sun ce in sayar in sayi Stihl, wasu sun ce Husqvarna. Wanne ya fi? Kuma in na sauya, zan rabu da wannan matsala? Daga wani mai karatu a Matamaye.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari in fara da notin, don shi ne ke ci maka tuwo a ƙwarya yanzu.

Sauya inji ba zai raba ka da wannan ba. A rumfata da ke nan Damagaram an sha kawo mini manyan injuna masu tsada, salansa tana lilo da noti ɗaya. Dalilin yana cikin ƙirar injin. Silinda alminiyam ce, noti kuwa ƙarfe ne, kuma alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa idan ya ji wuta. In inji ya yi zafi su buɗe, in ya huce su koma, kullum haka. Gaskit ɗin da ke tsakani shi ma yana lotsawa a kwanakin farko, sai ɗaurin ya yi sako-sako. Ga girgiza: inji ne da ke juyi sama da sau 10,000 a minti ɗaya. Da zarar noti ya samu ɗan sarari, girgiza ce ke ƙarasa shi.

Kada ka ci gaba da aiki a haka ko na yini ɗaya. A bara wani yaro ya zo mini daga hanyar Mirya da inji a buhu. Ya ce tun kwana huɗu ya ji ƙararsa ta sauya, amma ya ce bari ya gama kwangila. Da na buɗe, hayaƙin da ke tsiyaya ta gefe ya narkar da robar birkin sarƙa, ta lanƙwashe kamar alewa, noti kuma ya yi ta rawa a raminsa har ya cinye haƙoran silinda. Na zura sabon noti da yatsa biyu, ya shige har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Na ji tausayin yaron ƙwarai, don abin da sifana za ta gyara cikin minti biyu ya cinye masa ribar aikin gaba ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ina bari inji ya huce sarai, in cire salansa, in kankare baƙin toka daga fuskokin biyu, in wanke ramukan noti da ɗan fetur su bushe. In salansa ta karkace a bakinta, sai na goga ta a kan takardar yashi bisa gilashi har ta miƙe. Sai sabon gaskit da sababbin notuna masu tauri, waɗanda aka buga wa 10.9 ko 12.9 a ka. Ina ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don salansa ta zauna daidai. Daga nan sai abin da mutane suka fi mantawa: ka tada inji ka yi yanka na minti goma, ka kashe, ka bari ya huce, ka sake ɗaurewa. Za ka ji notin ya ƙara tafiya kaɗan. Ka maimaita bayan tankin mai biyu ko uku. Kuma kada ka sa ƙarfin tuwo, alminiyam ba ya jure dole.

Game da gam ɗin noti irin Loctite, shuɗin da aka saba samu ba a yi shi don zafin bakin salansa ba. In za ka sa, nemi mai jure zafi. Ni na fi yarda da wosha mai haƙora, ko ƴar farantin nan da ake lanƙwasa kunnenta a jikin kan noti. In haƙoran ramin sun riga sun cinye, kada ka yarda a cusa maka babban noti da tsiya. A sa maka Helicoil, wayar nan da ke mayar wa rami haƙoransa.

Sai batun wanne ya fi. Stihl na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa kamfanin a 1926. Husqvarna na Suwidin ne, tun 1689 yake, da ƙera bindigogi ya fara, bai shiga injin zarto ba sai 1959. Dukansu nagari ne, kuma masu musu a kansu galibi kowa abin da hannunsa ya saba da shi yake yabo. Stihl MS 382 da Husqvarna 372 XP kusan ƙarfinsu ɗaya, girman silindarsu siisii 70 da ɗoriya. A hannuna Husqvarna ta fi saurin ɗaukar wuta, Stihl kuma ya fi haƙuri da busasshen icce mai tauri. Amma in ni ne kai, kafin in fitar da ko dala sai na shiga Kasuwar Dole ta nan Damagaram, na kuma tambayi masu sayo kaya daga Kano: fistan, kabireta da sarƙar wanne ake samu yau-yau? Abin da na gani a nan, kayan Stihl sun fi sauƙin samu, shi ya sa nake karkata gare shi. Ka sani notunansa masu kan tauraro ne, sai da makullin T27.

Ka yi hattara da jabu, don sun cika kasuwa, launi ɗaya suna ɗaya. In an yi maka farashin da ya yi araha fiye da kima, ka ja da baya. In na hannu za ka saya, ka ce a cire salansa ka leƙa fistan da tocila. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, bar musu kayansu.

Amma ga aikin rassa da itacen girki, 5800 ɗinka zai iya riƙe ka har ka tara kuɗi. Ka bi awon haɗa fetur da man inji da littafinsa ya ce, yawancin irinsa fetur kashi 25 ne da man inji kashi 1, na Stihl kuwa 50 da 1, wato man inji mililita 100 a fetur lita 5. Lokacin hunturu ka riƙa kakkaɓe matatar iska kowace yamma, ƙurar nan tamu tana cin fistan. Kuma tunda a ƙasar gawo kake, kada sarƙarka ta taɓa shi sai da takardar ma'aikatan gandun daji a aljihunka.